Gine-ginen Zamanin En'e a Kano

In aka ce tsohon gini a Kano, hankalin kowa sai ya tafi ga ganuwa da Gidan Rumfa da Gidan Makama. Waɗanda aka gina bayan zuwan Turawa a 1903 kuwa ba mai duban su, wai ba su tsufa ba. Alhali su ne suka fi kusa da rushewa, gama suna tsakiyar gari, inda fili ya yi tsada.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kantuna suka tashi a Fagge da kewayen tasha. Kuɗi suka taru a Baitulmali, En'e ta shiga gini: Midil a 1927, makarantar alƙalai ta Shahuci a 1928, Sabuwar Ƙofa a 1937. Da yawa daga ginin wancan zamani na tubali ne da rufin azara, irin wanda in damina biyu ta wuce ba yaɓe, ya tafi ke nan. Da aka buɗe sabon Masallacin Juma'a a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, jama'a sun yi murna, sun kuwa yi daidai. Amma tsohon na ƙasa, abin da ya rage mana sai hotuna da labarin dattawa. Ƙofar Na'isa ma, wadda ta girme su nesa, an rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya. To, in ba a bar ta ba, wa zai bar ofishin jiya?

Na taɓa rubuta wata shari'ar iyaka, inda magada suka yi jayayya kan wani kanti da aka riga aka baje. Shaidu uku, kowa da inda ya ce ƙofar take, ba takarda, ba hoto. Wata huɗu ana ɗaga zama.

Saboda haka roƙona, kafin a kawo katafila, a aika malami guda da ma'auni. Ya auna tsawo da faɗi da kaurin bango, ya ɗauki hoto ciki da waje, har da rufi da zanen bakin ƙofa. Sa'an nan ya zauna da tsofaffin masinjoji da magina, ya rubuta wanda ya gina, da shekara, da aikin da aka yi a kowane ɗaki, kamar yadda muke ɗaukar shaida, da shaidu biyu. Kofe ɗaya a ajiye a ofis, ɗaya a kai Gidan Ɗan Hausa.