Kafin A Kankare Fentin Motar Baba

Sunan akori-kura shi kansa tarihi ne. Kafin ƙananan motocin ɗaukar kaya su yawaita a garuruwanmu, kura ce ke wannan aiki, wato amalanken nan da ƙarti ke turawa daga tasha zuwa kasuwa. Da motar ta zo tana kwashe lodin kura biyar a sawu ɗaya, sai Bahaushe ya raɗa mata suna: a kori kura. Larabawan da muke zaune cikinsu a Katar su ma suna da nasu sunayen. Ƙaramar motar kaya ita ce "wanet", Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya "shas", GMC kuwa "jims". Mutane ba sa raɗa wa mota suna irin wannan sai ta daɗe tana ci da su.

Duk wanda ke zaune a Al Mirƙab ya san cewa da sanyi ya shigo, tsofaffin motocin nan sukan fito. Za ka ga wata GMC ta shekarun 1970 ta tsaya gaban mai shayin karak, tsaf da ita kamar jiya aka sauke ta daga jirgi. Ganin haka ne ke sa da yawa daga cikinmu tunawa da Peugeot ɗin Baba da ke jibge a ƙofar gida a Kano ko Katsina ko Maraɗi, tayoyi sun lotse, awaki na kwana a ƙarƙashi. Sai mutum ya yi niyyar aika kuɗi a tashe ta. Maganar inji ba ta cika kawo gardama ba, bakanike ya san abin da zai yi. Inda 'yan uwa ke saɓawa shi ne launi. Wannan ya ce a yi mata baƙi mai ƙyalli irin na jif, wancan ya ce ruwan toka ake yayi. Kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu san tarihin fentin kafin mai fenti ya ɗauki samfefa.

A farkon ƙarni na 20, fentin mota aikin wahala ne. Da burushi ake shafawa, shafi bisa shafi, ana jiran kowanne ya bushe, har mota kan yi makonni a ɗakin fenti. Kamfanin Ford a Amurka, daga 1914 zuwa 1925, baƙi kaɗai yake yi wa motarsa Model T, saboda shi ne mai araha da ƙarko. Sauyi ya zo ne da kamfanin DuPont ya fito da wani fenti mai suna Duco, wanda ake fesawa kuma ya bushe da wuri. Motar Oakland ta 1924 ce ta fara fitowa da shi, shuɗiya. Daga nan ƙofa ta buɗe wa launuka. A shekarun 1930 aka samu fentin inamel da ake gasawa a masana'anta, mai tauri da jure wahala, irin wanda ya dace da motar aiki.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan fentin falle ɗaya ne: launin da sheƙin a haɗe suke. Salon da muka saba gani yau, wato a fesa launi sannan a bi shi da wani ruwa garai mara launi don sheƙi, sai a shekarun 1980 ya game duniya. To ka ga duk akori-kurar da aka ƙera a shekarun 1970 ba ta san wannan ƙyalli mai kama da madubi ba. Sheƙinta mai laushi ne, kamar na sabon kwanon samira.

Mu a Arewa, in an ce akori-kura, Peugeot ake nufi, ko Fijo kamar yadda muke faɗa. Faransa ta fito da 404 a 1960, mai buɗaɗɗen bayanta ta biyo a 1967, ita kuma 504 ta fito a 1968. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, a shekarar da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Daga nan Fijo ta zama motar gwamnati, motar ɗan kasuwa, motar tasha. Akori-kurarta ce ke kai buhunan hatsi Dawanau, ta kwaso tumatir zuwa 'Yankaba, ranar kasuwar ƙauye kuma ta ɗauki mutane da tumaki da kwanon rufi a sawu guda. Kayan gyaranta ba sa wuya, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna sun isar. Akasarin waɗanda muka taso muna gani farare ne, ko ruwan madara, ko shuɗi mai haske. Launuka ne na aiki, masu ɓoye ƙurar hunturu da sauƙin faci in an goge ta.

Amma fentin masana'anta rabin labarin ne. Da mota ta shiga hannun mai ita, sai a kai ta wajen maƙeri ya ɗaura mata ƙarafa a baya, sannan mai rubutu ya zo da burushinsa. A goshi ko a ƙofar baya za a rubuta "Allah ya kiyaye hanya", ko "Haƙuri maganin zaman duniya", ko laƙabin mai motar da sunan garinsu. Wani a zana masa fure ko tsuntsu, koyi da manyan motoci masu bodin katako. Da wannan rubutu ake gane ta. A tasha ba wanda ke kiran lambar mota, sai dai ka ji an ce "Haƙuri ta iso?" Matar gida tana jin ƙarar injin daga nesa, yara kuma rubutun suke hangowa su ruga a guje.

A nan Katar tarihin ya bi wata hanya. An gano mai a Dukhan a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin ya tsayar da aikin, sai a Disambar 1949 jirgin farko ya tashi da ɗanyen mai. Da kuɗin mai motocin Amurka suka yawaita, su Chevrolet da GMC, daga baya na Japan suka biyo. Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984, har gobe ana sayar da ita, kuma launin rairayin nan nata ya zama kamar tambarinta. Farin launi kuwa ba sai an tambayi dalili ba. Ƙasar da zafi ya taɓa kaiwa digiri 50.4 a Doha, a Yulin 2010, ba wanda zai ga laifin mai gudun baƙar mota. Launi ma yakan nuna zamani. Waɗanda suka daɗe a nan suna tuna tasi mai ruwan lemo da fari, kafin motocin Karwa su fara maye gurbinsu daga 2004.

Wanda ke son ganin yadda Ƙatarawa ke riƙon tsohuwar mota, ya je gidan tarihin Sheikh Faisal bin Ƙasim Al Thani da ke Al Samriya, a kan hanyar Dukhan. An buɗe shi a 1998, kuma akwai motoci fiye da 600 a ciki, har da na ɗaukar kaya. Darasin da na ɗauka a wurinsu shi ne girmama zamanin mota. Ba ka ganin an ɗauki motar 1960 an yi mata kwalliyar motar bana.

Sai dai akwai bambanci tsakaninmu da su. Mai tara motoci yana neman ranar da mota ta fito daga masana'anta. Mu kuwa ranar da muke nema ita ce ranar da Baba ya dawo daga kasuwa da tsarabar rake a baya. In motar ta fito fara daga Kaduna amma ta yi shekara 25 tana koriya da rubutu a goshi, to a ganina koriyar ce motar gidanku. Farar ba wanda ya san ta. In kuwa ba a taɓa sauya mata launi ba, magana ta ƙare, a mayar mata da abinta.

Gano asalin launi ba wuya. Rana ba ta shiga ƙarƙashin kujera, ko bayan marfin ƙofa na ciki, ko lungunan gidan inji. A duba can, a goge da ɗan ruwa da sabulu, launin zai fito kusan yadda yake tun farko. Motoci da yawa kuma suna da lambar fenti a wani ɗan faranti ko a buge a jikin ƙarfe cikin gidan inji. Da ita mai haɗa fenti zai yi aiki, maimakon ya dubi ƙofar da rana ta ci shekara 40 ya ce ai wannan ne. Kafin a taɓa komai, a sa wani yaro ya ɗauki hoton kowane gefe da kowane rubutu, ya auna tsawon haruffan. Sannan a tambayi Hajiya da tsohon yaron motar, in yana raye. Su suka san wace kala ce ta farko da wanda ya yi rubutun.

Game da sheƙi, ra'ayina shi ne fenti falle ɗaya, mara ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki. Akwai na zamani mai haɗin sinadarin taurarawa da ke ba da kamar na da, ga ƙarko. Dalili na farko shi ne ya fi dacewa da shekarunta. Na biyu kuma rana. Fenti falle ɗaya in ya dusashe ya yi fari-fari kamar alli, a goge shi da man goge mota ya dawo. Mai ruwan sheƙi a sama kuwa, in ranar Sakkwato ko ta Doha ta cinye shi, ɓarewa yake yi kamar fatar maciji, ba gyara sai sabon feshi. Ja da baƙi sun fi saurin nuna gajiya, kuma baƙi mai ƙyalli na tona duk wata lotsawa da ke jikin bodi. Cikin bayan motar, inda ake zuba kaya, ba ya buƙatar sheƙi ko kaɗan. Kada kuma a yarda a rufe tsatsa da foti a fesa a kai. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfen a yi walda, in ba haka ba damina biyu ta isa fentin ya kumburo.

Abubuwa biyu kada a manta. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, sabon kuma sinadarinsa na cutar da huhu, don haka cikin kuɗin da za ka aika ka ware na abin rufe hanci mai kyau ga mai feshi da yaransa. Waɗannan yara 'ya'yan wani ne. Sannan launi a rubuce yake a takardun mota. A nan Katar yana cikin istimara, kuma ba a sauya shi sai da izinin hukumar kula da zirga-zirgar motoci. A gida ma takardu na ɗauke da shi, in ba ka so direba ya kwana yana bayani a shingen hanya.

Rubutun goshi kuwa, a nemi mai burushi ya yi shi da hannu, kada a manna sitika. Masu wannan sana'a sun ragu amma ba su ƙare ba, a tambaya a tasha za a samu. In tsohon rubutun bai goge duka ba, akwai masu zagaye wurin su bar shi yadda yake, su fenta sauran. Ni wannan ya fi kwanta mini.

Yaranmu da aka haifa a nan sun san shas da jims, wasunsu ba su taɓa jin kalmar akori-kura ba. Ranar da za a kai su gida hutu, in suka tarar da motar da launinta da rubutunta, kakarsu za ta nuna ta ta ce da wannan aka biya kuɗin makarantar ubanku. In kuwa baƙa suka tarar mai ƙyalli, za su ce tsohuwar mota ce an yi mata fenti, su wuce ciki.