Duwatsun Hawasina

Hawasina jerin duwatsu ne a tsaunukan Hajar na ƙasar Oman. Asalinsu laka ne da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin tsohon tekun Tetis. Sama da shekaru miliyan 70 da suka wuce, da tekun ya fara rufewa, motsin ɓawon ƙasa ya ture su falle-falle zuwa kan gaɓar Larabawa, duwatsun Samail na ƙasan teku suka danne su.

Darajarsu ita ce, tekun ya ɓace amma su sun riƙe labarinsa. Akwai jan dutse mai tauri, cike da ɓawon ƙananan halittun radiyolariya, wanda ke taruwa a zurfin da farar ƙasa ke narkewa. Akwai kuma shimfiɗun da zaftarewar laka ta gangaro da su daga gaɓa: tsakuwa a ƙasa, lallausan yashi a sama. Inda tsakuwar ta yawaita, gaɓa na kusa.

Masana kan mayar da kowane falle gurbinsa a taswira. Galibi na sama shi ya fito daga nesa. Tawagar Kenneth Glennie ta wallafa muhimmin nazari kan tsaunukan a 1974.