Kowane Gida da Manhajarsa: Tarihin Lissafin Ilektiron da Ƙuri'a

Duk wanda ya taɓa lissafin wani ƙarfe ko sinadari da DFT, sananniyar hanyar lissafin ilektiron a kwamfuta, ya ci arzikinmu, ko ya sani ko bai sani ba. A 1980 David Ceperley da Berni Alder suka fitar da 'yan lambobi na kuzarin tarin ilektiron, waɗanda suka samo ta hanyar jefa ƙuri'a a kwamfuta. A 1981 John Perdew da Alex Zunger suka mayar da su ƙa'ida, aka cusa ta cikin kusan kowace manhajar DFT. Mu masu wannan sana'a ta lissafi da ƙuri'a, wato Monte Carlo na kwantam, mun saba da haka: lambobinmu sun zaga duniya, manhajojinmu kuwa sun daɗe ba su leƙa ƙofar gida ba.

Lissafin Schrödinger na ilektiron 100 yana da fuskoki 300, kuma babu kwamfutar da za ta bi su kaf. Sai mu yi irin ta mai sayen hatsi, wanda ke soka ƙarfe nan da can a jikin buhu maimakon ya zazzage shi. Muna sakin dubban 'yan yawo, kowane ɗaya hoto ne na inda ilektiron duka suke. A matsar da ilektiron guda kaɗan, a jefa ƙuri'a, ko a karɓi matsin ko a mayar da shi. Dabarar ta fito daga Los Alamos a 1953, a kan kwamfutar MANIAC. Sunan Metropolis ake kira, amma Arianna Rosenbluth ce ta zauna ta rubuta manhajar. A 1965 William McMillan ya gwada ta a kan ruwan heliyam, ta yi aiki.

Ilektiron ya fi heliyam gardama. Da zarar biyu sun yi musayar wuri, alamar lissafin ta juye daga tarawa zuwa ɗebewa, 'yan yawo su riƙa soke juna har hayaniya ta haɗiye amsar. James Anderson ne ya kawo sulhu a tsakiyar shekarun 1970: a shata iyaka inda alamar ke juyawa, a hana kowane ɗan yawo ƙetarewa. Amsa tana fitowa, sai dai kyanta ya dogara da kyan iyakar da ka shata. A 2005 Matthias Troyer da Uwe-Jens Wiese suka nuna cewa da wuya a sami maganin da zai warkar da matsalar a ko'ina.

To, nan ne sana'a ta zama ta gado. Shata iyaka gwaninta ce, kowane malami da tasa, kuma a cikin manhajarsa yake ajiye ta. A Cambridge, Richard Needs da Mike Towler da Neil Drummond da Pablo López Ríos suka raini CASINO da yaren Fortran. Towler har makarantar bazara ya riƙa shiryawa a Vallico Sotto, wani ƙauye a tsaunukan Italiya. Cyrus Umrigar da Claudia Filippi suna da CHAMP. Lubos Mitas da ɗalibansa suka yi QWalk. Marigayi Sandro Sorella, a Trieste, yana da TurboRVB, mai ƙarfi ƙwarai, mai wuyar hawa ga baƙo. Ɗalibin da ya sauya gida sai ya koma ɗan koyo, don hatta fayil ɗin wannan, waccan ba ta iya karanta shi.

Aikin kansa na masu haƙuri ne. Ka tura lissafi da yamma, da safe ka buɗe ka duba abu biyu: yawan 'yan yawo, waɗanda ke hayayyafa ko mutuwa yayin lissafin, da tazarar kuskure da ke maƙale a gefen amsa. Wani lokacin ɗan yawo guda ya maƙale kusa da ƙwayar atam, ya yi ta hayayyafa har ya cika ma'ajiya, aikin dare ya tafi a banza. In komai lafiya ne ma, raba kuskure biyu yana buƙatar ninka aiki sau 4, ƙarin lamba ɗaya tabbatacciya kuwa sau 100.

A ganina injuna ne suka fasa wannan zaman gida-gida, ba kirkinmu ba. 'Yan yawo ba su cika buƙatar magana da juna ba, don haka manyan kwamfutoci masu dubban kawuna suka dace da mu fiye da kowa. Amma mutum ɗaya da ɗalibai biyu ba za su iya sake rubuta manhaja duk lokacin da aka sauya injin ba. QMCPACK, wadda Jeongnim Kim ta fara da C++ a Jami'ar Illinois, ta koma aikin gayya a fili a GitHub, da gwaje-gwajen da ke kama kuskure kafin ya shiga, har ta hau babbar kwamfutar Frontier a Oak Ridge. A Turai shirin TREX, wanda ya fara a 2020, ya samar da TREXIO, tsarin fayil guda da manhajoji daban-daban ke karantawa. Sababbin shiga irin su FermiNet ta DeepMind da PauliNet, masu barin ƙirƙirarriyar basira ta koyi iyakar da kanta, su ma a buɗe aka fitar da manhajojinsu.

A 2025 gidajen suka yi abin da ya kamata a ce an yi tuntuni: kowa ya lissafa abu ɗaya, ƙarfin riƙo tsakanin ƙwayar ruwa da ta iskar metan. Inda aka sami saɓani, ba daga ƙuri'a ya fito ba. Ya fito ne daga yadda kowace manhaja ke maye gurbin ilektiron na can ciki kusa da ƙwayar atam, da kuma girman takun da aka ba 'yan yawo.