Wutar lantarki da ido a sama

Ƴan'uwa mutanen Magarya da Dungas, ga tarihin wutar lantarki, wadda muke kira kuran, da abin da ke taimakon tsaronta.

An kafa kamfanin Nigelec a 1968. A shekarar nan aka gama madatsar ruwa ta Kainji a Najeriya. A 1976 aka jawo wuta daga can zuwa Yamai, ta Birnin Kebbi. Mu mutanen gabas mun jira har 1994. Sa'an nan babbar waya ta taso daga Katsina, ta iso Gazawa, ta rabu zuwa Maradi da Damagaram.

Kun ga wutar daga nesa take zuwa, bisa turakun ƙarfe cikin daji. In iskar hadari ta kada turke ɗaya, garuruwa da yawa su kwana cikin duhu. Injin niƙa ya tsaya. Famfo ya ƙafe. Allurar rigakafin yara ta lalace a gidan likita, don babu sanyi.

To, wa zai ga hadari tun yana nesa? Tauraron ɗan Adam. Na'ura ce da ake harbawa sama, tana ɗaukar hoton ƙasa. Bayan babban fari, a 1974, aka buɗe cibiyar Agrhymet a Yamai don lura da damina. A 1977 Turawa suka harba Meteosat na farko, mai kallon Afirka. Wanda aka harba a 2022 yana aiko hoto kowane minti 10, har walƙiya yana gani.

A ƙasashe da dama ma'aikatan wuta na amfani da hotunan taurarin ɗan Adam iri-iri. Suna ganin hanyar da hadari zai bi, su shirya mutane da kayan gyara. Suna ganin itacen da ya kusa taɓa waya. Hoton dare kuwa yana nuna garin da fitilunsa suka mutu.

Amma tauraro ba ya maganin kome da kome. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, ba ta maido ba sai 2024. Wannan ba aikin iska ba ne.

Kuma tauraro gani yake, ba ya gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada mu cinna wutar daji ƙarƙashin waya. In mun ga ta tsinke, kada mu taɓa. Mu kori yara da bisashe, mu kai labari ga mai gari.