Kura: Daga Karofi Zuwa Gonar Shinkafa

Duk wanda ya bar birnin Kano ya miƙi hanyar Zariya, kafin ya yi nisa, kimanin kilomita 30, zai riski garin Kura. Yawancinmu a mota muke ratsa shi, mu hangi shinkafa kore shar har tsakiyar rani, mu wuce. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa ba shinkafa ce ta fara kai sunan garin nesa ba. Rini ne.

A ƙarni na 19 Kura tana cikin manyan garuruwan rini na ƙasar Kano. Masaƙa su saƙa ƙyalle siriri, a ɗinke, a kai marina. Can marina sun haɗa baba da toka a karofi, wato rami mai zurfi da aka shafe da laso don kada ruwa ya tsiyaye. A tsoma, a shanya, a sake tsomawa, har zane ya yi baƙi wuluk. Daga nan sai mabuga, inda ake barbaɗa shuni a buga da itace har ya riƙa walƙiya. Wannan shi ne turkuɗi, kuma daga sunan garin aka samo sunan rawanin nan, ɗan Kura. Manyan masu sayensa Buzaye ne, waɗanda ke ɗora shi a raƙuma zuwa Agadas da cikin Sahara. Shunin nan ne yake rina musu fata, su kuwa ado ne a wurinsu.

To, me ya karya sana'ar? Ba abu ɗaya ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Turai mai araha ya cika kasuwa, shunin Bature ya biyo baya. Sannan farin 1973 ya kashe dabbobin Buzaye, mai saye ya talauce. Rinin bai mutu ɗungurungum ba, amma karofi da yawa sun cike da ƙasa.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne wata ƙofar ta buɗe. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Noman rani ya kankama: alkama, tumatir, albasa, daga baya shinkafa ta mamaye. Mata na turarawa a gida, injina na casa, manyan motoci na lodi. Garin ya zama hedikwatar ƙaramar hukuma, ga asibiti, ga makarantu, ga kasuwa.

Abin da ya shafe mu, mu marubuta, shi ne kalmomin. Katsi, laso, karofi, mabuga: yaro ɗan sakandare a yau da wuya ya fassara biyu daga ciki. Tsofaffin da suka tsoma hannu a baba kuwa ƙarewa suke yi, kuma yawancin abin da aka rubuta a kansu da Turanci yake, a kundayen jami'a.