Nazari Kan Saɓawar Amo a Jitar Lantarki Idan An Sassauta Tsirkiya

Makaɗan jita kan sassauta tsirkiya don amo ya yi kauri ya dace da muryar mawaƙi. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath a Ingila ya yi haka a faifansu na 1971, saboda kan yatsunsa biyu da inji ya yanke. Sai dai sassautawar kan zo da matsala: kiɗa ya yi daidai a sake, amma da an danna tsirkiya sai amo ya saɓa.

Tushen abin lissafi ne. Idan aka sauke tsirkiya mafi kauri daga E zuwa D, girgizarta na raguwa daga 82 zuwa 73 a daƙiƙa, ƙarfin ɗaurinta kuma ya ragu da kusan kashi 21 cikin 100. Tsirkiya mai laushi tana miƙewa da zarar yatsa ya matsa mata, sai amo ya haura. Sandar ƙarfen da ke cikin wuyan jita, wadda aka saita don ta yi jayayya da ɗaurin farko, sai ta rinjaya, wuyan ya koma baya, tsirkiya ta riƙa karkarwa a kan ƙarafan matakai.

A nan ne jita ta bambanta da kukuma. Makaɗi irin marigayi Hassan Wayam, ɗan ƙasar Maradun, ba shi da matakai a kayan kiɗansa. In danshi ya sassauta fata, jaki ya nutse, kunnensa zai ji, yatsansa ya gusa kaɗan, amo ya daidaita. Matakan jita kuwa a kafe suke, don haka gyara sai dai a yi shi a jikinta.

Gyaran yana da tsari. Da farko a sa tsirkiyoyi masu kauri, misali daga lamba 10 zuwa 11 ko 12, a faɗaɗa ramukan da suke kwanciya a kan wuya don kada su maƙale. Sannan a sassauta sandar wuya kaɗan-kaɗan, kwatan juyi a lokaci guda. Bayan haka a daidaita tsayin tsirkiya. Sai a ƙarshe a zo kan jaki: a danna mataki na 12, a duba na'urar saiti. In amo ya haura, a ja mazaunin tsirkiyar baya. In ya gaza, a matso da shi gaba. Wanda ya fara da jaki zai maimaita aiki, domin kowane juyi na sandar wuya yana rusa saitinsa.

Yanayin Zamfara ma yana da hannu. Katako yana shan danshi a watan Agusta, ya tsuke da hunturu har bakin ƙarafan matakai ya riƙa karce hannu. Jitar da aka ɗauko daga Gusau cikin rana zuwa biki a Tsafe ko Bungudu tana bukatar hutawa a inuwa kafin a taɓa saitinta.

Saboda haka wanda ya zaɓi sassauta tsirkiya ya tsaya a kan sassauci iri ɗaya, ya kuma sake cikakken saiti sau biyu a shekara: farkon damina da farkon hunturu.