Maƙeran Duwatsun Mandara da Ɗabaƙoƙin Hindu

An daɗe ana ji daga bakin masu karatu cewa rarraba 'yan Adam ɗabaƙa-ɗabaƙa bisa haihuwa, har a haramta wa wani auren wani ko sa hannu tare da shi a ƙwarya ɗaya, abu ne da addinin Hindu ya ƙago. Ni kuwa ina ganin duk wanda ya zauna a Mubi, ya san garuruwan da ke gindin duwatsun Mandara daga nan zuwa Michika da Madagali, yana da hujjar da za ta sa ya yi shakkar wannan da'awa, domin a maƙwabtansa akwai al'ummomin da ba su taɓa jin sunan wani littafin Hindu ba, amma tun kaka da kakanni suka keɓe maƙeransu a aure da abinci.

Addinin Hindu ba shi da mutum ɗaya da za a ce shi ya kafa shi. A kwarin kogin Indus an yi manyan birane irin su Harappa da Mohenjo-daro tsakanin shekara ta 2600 da 1900 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, sai dai har yau an kasa karanta rubutunsu, saboda haka duk abin da aka faɗa game da aƙidarsu zato ne. Bayansu aka samu makiyaya masu magana da harshen da ya zama Sanskirit, waɗanda waƙoƙinsu na ibada aka tara a littafin Rigbeda wajen shekara ta 1500 zuwa 1200 kafin miladiyya. A cikin waƙoƙinsa fiye da dubu, guda ɗaya ce tak, a juzu'i na goma wanda masana ke lissafawa cikin na baya-baya, ta jero ɗabaƙoƙi huɗu, ta ce Birahaman masu tsafi da ilimi daga bakin mutumin farko suka fito, mayaƙa daga damatsansa, manoma da fatake daga cinyoyinsa, Shudura masu hidima kuwa daga ƙafafunsa. Sai da aka yi ƙarnuka masu yawa kafin littafin dokokin Manu ya zo ya fayyace hukunce-hukuncen aure da tsarki da uƙuba ga kowace ɗabaƙa, aƙidar sake haihuwa kuma ta ba da bayanin cewa ƙasƙancin mutum sakamakon aikinsa ne a wata rayuwa da ta gabata. Lokacin da Albiruni ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekara ta 1030, ya iske tsarin ya kafu, har da mutanen da aka fitar daga ɗabaƙoƙin huɗu baki ɗaya saboda sana'arsu.

To, amma abin da Ba'indiye yake rayuwa da shi a ƙauyensu ya wuce huɗun nan. Dubban zuriyoyi ne da ake kira jati, kowace da sana'arta ta gado da iyakar aurenta, masu wanki daban, majema daban, maginan tukwane daban, kuma babu nassin da ya ƙirga su ballantana ya haife su. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne sun tsiro daga rabon aiki da mallakar ƙasa da shigar ƙabilu cikin daula, malaman Birahaman suka zo daga baya suka sama wa kowace gurbi a tsaninsu, Turawan Ingila kuma suka ƙara daskarar da su da ƙidayar jama'a, musamman ta 1901 wadda Herbert Risley ya jera zuriyoyi a cikinta bisa daraja.

A nan gida kuwa, a ƙasar Margi, inda James Vaughan ya yi bincike a Gulak wajen shekara ta 1960, akwai mutanen da ake ce wa enkyagu. Harshensu ɗaya da sauran Margi, garinsu ɗaya, amma ba a aurensu, ba a cin abinci tare da su, ɗansu kuma ba ya fita daga cikinsu ko da bai taɓa riƙe guduma ba. A wajen Kamwe na Michika, waɗanda aka fi sani da Higi, da 'yan'uwansu Kapsiki na tsallaken iyakar Kamaru, inda Walter van Beek ya yi nazari tun shekarun 1970, maƙeri shi ke ƙera fartanya da mashi, shi ke kiɗa a biki, shi ke duba, shi ke ba da magani, matarsa ke gina tukunya, kuma, wanda shi ne babban lamari, shi ke ɗaukar gawa ya shirya ta ya kai ta kabari. Ana cewa yana cin naman dabbobin da manomi ba ya ci, da wannan ake kafa hujjar ƙazantarsa, har ba a yarda a sha ruwa a ƙoƙonsa. A Sukur, wadda aka sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999 kuma ta shahara da fitar da ƙarfe zuwa ƙasashen kewaye, a da manoma ma suna narka tama, amma ƙira ta zuriya ce keɓaɓɓiya mai aure a tsakaninta.

Ga sharuɗɗan nan uku da ake ta'arifin ɗabaƙa da su, wato gadon sana'a da kulle aure da zargin najasa, sun cika a wurin da babu Rigbeda babu Birahaman. A fahimtata sababin a fili yake. Al'ummar da ke noma a kan dutse ba ta rayuwa sai da fartanya, ba ta kuma rabuwa da mutuwa, sai ta ɗora ayyukan nan biyu masu ban tsoro a kan gidaje ƙalilan, ta hana su gauraya don kada ilimin ya watse kuma kada haɗarin ya yaɗu, sannan ta manta cewa ita ta ɗora musu, ta ce haka aka halicce su. Wannan mantuwa ita ce zaluncin, kuma ba na jin kunyar kiranta da wannan suna, ko da yake maƙerin dutse sau da yawa ana tsoronsa ana kuma buƙatarsa a lokaci guda.

Adalci ya wajabta a faɗi bambancin. A Mandara kashi biyu ne kawai, manomi da maƙeri, babu tsani mai hawa-hawa, babu kuma aƙidar da ta ce maƙeri yana biyan bashin zunubin wata rayuwa. Aikin da nassi ya yi a Indiya shi ne ya mai da al'ada ta zama farilla, ya sa mai neman gyara ya zama tamkar mai ridda. Shi ya sa Dokta Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya na 1950 da ya haramta ƙyamar taɓa mutum, bai ga doka ta wadatar ba, sai da ya fita daga addinin Hindu ya shiga na Buddha tare da dubun dubatar mabiyansa a Nagpur ran 14 ga Oktoba, 1956.

Kada kuma mu Musulmi mu ɗauka mun tsira. A Indiya kanta Musulmi sun kasu zuwa ashraf masu da'awar nasaba da ajlaf masu sana'a. A ƙasar Hausa M. G. Smith ya nuna a bincikensa na Zazzau yadda ake fifita sana'ar karda, wadda aka gada, a kan ta shigege, kuma kowa ya san gidajen da har yanzu ke jan ƙafa idan ɗan mahauta ko ɗan maroƙa ya zo neman aure. Alhali mazhabar Imamu Malik da muke bi, a bisa mashhurin zance, ta taƙaita kafa'a a aure ga addini da kuɓuta daga aibobin jiki, ba ta sa nasaba ko sana'a cikin sharaɗi ba, Alƙur'ani kuma ya ba da labarin Annabi Dawuda, alaihissalam, wanda aka tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke. Mutanen duwatsun nan yanzu galibinsu Musulmi ne ko Kirista, 'ya'yan maƙera suna karatu a Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a nan Mubi, suna zama malamai da ma'aikata, amma maganar asali takan taso ranar neman aure. Ina roƙon limamanmu da shugabannin coci na wannan yanki su fito su faɗa a kan mumbari cewa hana ɗan maƙeri aure saboda gidan da ya fito ba shi da tushe a addinin da suke wa'azinsa, su kuma fara da 'ya'yan cikinsu idan irin wannan neman ya zo ƙofarsu.